Tauraro a Bayan Murfi

Ranar da ta kama aiki a injin buga murafen roba ya fara ganinta, ta ɗaga murfi sama tana duba shi a haske. Shi ne mai zana rubutun da ke fitowa a jikin kayan kamfanin: lamba, kwanan wata, kibiyar buɗewa. Dogo ake ce masa, ga shi da kunyar tsiya. Ko da soyayya ta ƙullu tsakaninsu, a waya kaɗai bakinsa ke buɗewa.

"Tauraruwata, kin ci abinci?"

"Na ci. Kai fa, ko fensir ka tauna?"

Mahaifinta ne ke gyaran ƙarfen zubi, wanda ake ɗura narkakkiyar roba a ciki. Da Dogo ya tura kawunsa neman aurenta, dattijon ya ce ba zai ba 'yarsa ɗan latse-latsen kwamfuta ba. Ga mai kula da sito kuma yana ta zarya gidansu da mota.

Cikin wannan zafin ne Dogo ya tafka wauta. A zanen sabon murfi ya ƙara ɗan tauraro a baya, bai kai ƙwayar shinkafa ba, don ita kaɗai. Sai dai bai karkata gefensa ba, kamar yadda ake yi wa kowane harafi don roba ta saɓule. Murafe suka riƙa maƙalewa suna fitowa a tsage. Manaja ya ce ita ce ba ta iya saita zafi ba, ƙarshen mako ta ajiye aiki.

"Dogona, ban san me na yi ba," ta rubuto masa.

Ya karanta. Kunya ta hana shi ko bi ta gaban injinta, har ta ɗauka guje mata yake yi.

Da safe ya shiga ɗakin gyara. Ya tarar da dattijon ya buɗe ƙarfen, manaja na tsaye.

"Baba, ni na sa tauraron nan. Ba laifinta ba ne."

"Alamar mece ce?" in ji dattijon.

Dogo ya sunkuyar da kai, ya ce sunan da yake kiranta da shi ne. Manaja ya tuntsire da dariya, leburori suka taya shi. Dogo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce tun jiya ya ga tauraron, jira yake ya ga ko mai shi zai bari a kori yarinya. Ya miƙa masa dutsen gogewa. Dogo ya tambaya ko shafe shi zai yi.

"Wa ya ce ka shafe? Karkata gefensa. Yau dai ka riƙe ƙarfe."

Bayan ɗaurin aure, amarya ta juya murfin robar sukari a kicin ɗinta, ta shafa tauraron da yatsa. Dogo ya rufe fuska da hula. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.