Gadin da Shaame Ya Karɓa

Na san Shaame Vuai tun yana yawo ba takalmi a bakin ruwa, don haka abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji ba. Masunci ne kamar kowa a ɗan tsibirinmu na gefen babban tsibirin Pemba. Ciwonsa ɗaya: in maƙwabci ya yi sabon rufin kwano, abinci ba ya wuce masa maƙogwaro.

A shekarar da kifi ya yi ƙaranci, gwamnati ta ce za ta ba da tallafi mai tsoka don a kare duwatsun murjanin da ke gabas da mu, inda kifi ke zuba ƙwai. Masu kamun kifi da nakiya sun riga sun farfasa gefe guda. Za a kawo jirgin sintiri mai inji, da mai, da albashin masu gadi, duka a hannun wanda gari ya zaɓa shugaban kwamiti. Kowa ya san Bi Mashavu za a ba, matar da ta yi shekaru tana zagin masu nakiya ido da ido.

Sai Shaame ya nufi wurin Baba Pandu.

Baba Pandu boka ne, a kogon dutse yake zaune, kogon da ba a shigarsa sai ruwa ya janye. Da rana tsaka Shaame ya isa, amma ciki duhu ne da sanyi da ƙarnin ruɓaɓɓen kifi. Ƙoƙunan kunkurun ruwa a jere jikin bango, kowane an ɗaura masa jan ƙyalle. A tsakiya akwai kasko cike da ruwan teku, cikinsa reshen murjani ja wur. Babu iska, amma ruwan yana motsi.

"Kujerar matar nan kake so," in ji tsohon, bai ko ɗago kai ba.

"Ita nake so, Baba. Amma in faɗa maka tun yanzu, ni ba na ba da mutum."

"Wa ya tambaye ka mutum? Gadi kake nema. Mutanen ɓoye masu duwatsun murjanin nan ma mai gadi suke nema. Ka tsare musu gidansu, su tsare maka naka."

"Iyakarta ke nan?"

"Yadda ka riƙe nasu, haka za su riƙe naka. In ba za ka iya ba, tashi, ruwa bai dawo ba tukuna."

Shaame ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya miƙa hannu. Tsohon ya tsaga masa tafi da kaifin ɓawon kawar teku, jini ya ɗiga a kaskon, murjanin ya shanye shi tas.

"Kira mini duk wanda ke cin tukunyar gidanka."

"Me ya kawo iyalina cikin wannan?"

"Mai gadi ba ya zuwa shi kaɗai. Kira."

Ya kira matarsa Mwatima, da ɗansa Faki, da 'yarsa Time, da mahaifiyarsa. Kowane suna, tsohon ya jefa ƙwayar farin wuri ɗaya cikin ruwan.

Ranar zaɓe, Bi Mashavu ta miƙe za ta yi magana, murya ta ƙi fita. Mutanen da suka wayi gari suna kiran Shaame maƙetaci su ne suka ɗaga masa hannu.

Daga nan duniya ta buɗe masa. Jirgin sintiri ya koma jigilar fasinja da buhunan kanumfari. Man gadi ya koma kantin da ya buɗe. Shaame ya gina gida mai bene, ya sayi babur, Mwatima ta cika hannu da zinariya. In jami'ai sun zo dubawa, sai ya kai su ɓangaren da ke da sauran kyau, ya cika su da shinkafar kwakwa. Masu nakiya kuwa suka gane cewa in shugaba ya sami rabonsa, idonsa ba ya gani.

Wata safiya muka ji ƙarar nakiya daga gabas, har ƙasa ta amsa. A daidai lokacin Faki yana auna sukari a kantin ubansa. Ya dafe kai ya faɗi, jini na fita ta kunnuwansa, ido a waje, ciki a kumbure. Mu masunta mun san wannan kama. Haka kifi ke tasowa bayan nakiya.

Ba a gama zaman makoki ba aka sake jefa nakiya. Mahaifiyar Shaame ta kife a kan tabarmar salla, ba ta sake tashi ba.

Mwatima ba ta mutu ba. Fari ta fara yi, gashi da fata, fat kamar mataccen murjani. Sai ta shiga bin bakin ruwa tana tsintar matattun kifi a zaninta, tana lallashinsu, tana cewa, "Faki, tashi ka ci abinci."

Shaame ya koma kogon a guje, ya zube.

"Baba, ka cire mini sunan Time! Ita kaɗai ta rage!"

"Ba a hannuna yake ba."

"Ka karɓi gidan, ka karɓi kantin!"

"Su ba sa zama a bene. Gadi ka yi musu alkawari. Je ka yi gadi."

A bakin ruwa ya tarar da masu nakiya suna shirin fita. Babbansu, Mcha, yana ɗaura kwalaben nakiya.

"Don Allah Mcha, ku bari. Daga yau an hana."

"Yau kuma wa'azi, Shugaba?" Mcha ya kwashe da dariya. "Kai ka nuna mana ƙofa. Ko rabon ne ya yi maka kaɗan?"

Suka ta da inji. Shaame ya ruga wurin jirgin sintiri, ya tuna jirgin yana can babban tsibiri da lodin kanumfari. Ya faɗa wani tsohon kwale-kwale, yana tuƙi yana ihu, yana kiran Mcha, yana kiran Allah. Yana hango su lokacin da hannu ya ɗaga da kwalbar nakiya. Ruwa ya yi sama.

Time tana wurin Bi Mashavu, don ita ta ɗauke ta tun da uwar ta zautu. A cinyarta yarinyar ta cika.

Gwamnati ta janye tallafin, ta kai wa wani tsibiri. Duwatsun gabas sun zama tsakuwa, kifi ya ƙaura, samarinmu suka bi shi. Abin da mutum ɗaya ya ci, gari guda ke aman sa.

Shaame yana nan da rai. In ruwa ya janye za ku gan shi tsaye cikin teku har ƙirji, da tsumma a jiki, yana daka wa kowane jirgi tsawa, yana gadin abin da ya riga ya mutu.

Kai da ke hangen kujera don abin da ke ƙarƙashinta, ka ji da kyau. Boka ba ya yi maka ƙarya, kwaɗayinka ne ke toshe maka kunne. Kuma amanar da ka ci, ba daga aljihunka za a cire ta ba. Daga cikin ɗakinka za a cire.