Ambulan Arba'in na Riskuwa

Ranar Litinin da safe Riskuwa ta buɗe firjin ɗakin binciken jami'arsu a Birnin Kebbi, ta zazzage ambulan ɗaya a tafin hannu, sai ta ga ƙwayar ba tata ba ce. Ambulan arba'in, duk an musanya su da shinkafar kasuwa. Irin da ta shekara uku tana tacewa a fadamar Argungu ya yi ɓatan dabo, ga shi saura sati biyu masu duba digirinta na uku su zo ganin tsiro.

Malam Tamba, mai kula da ɗakin, ya ja tsaki. Shekara ashirin yana fama da 'yan boko, bai taɓa ganin ɗanyen aiki irin wannan ba. Ya jujjuya ambulan ɗin, ya kira ɗalibai ukun da ke da makulli.

"Munira, ina kinka tahi ƙarshen sati?"

"Bikin ƙanwata a Gwadangaji, Baba. Ga lallen nan."

"Kai fa, Faruk?"

"Ina Argungu wajen albasata, a tambayi direban sashe."

Sirajo ko ɗaga kai daga kwamfuta bai yi ba. "Ni ba ni shiga sabgar kowa, Malam."

"Shi ya tona maka asiri," in ji Tamba. "Duk wanda ya taɓa zama shan shayi da mu ya san muna jefa 'yar takarda cikin ambulan, da rubutun fensir, don sanyin firji na cinye biro. Babu littahin da ya faɗi haka, baki da baki aka koyo. Waɗanga babu takarda ciki, an rangaɗa biro a baya. Wa ke wuce mu kullum kamar mun kashe mai uba?"

Sirajo ya sunkuyar da kai. Nasa irin ne ya ruɓe, girman kai kuma ya hana shi tambaya.

"Ina irin yarinya?" in ji Tamba.

"Na sa shi injin busarwa, kada ya yi fumfuna."

"Zahi nawa?"

"Tamanin."

Riskuwa ta zauna daɓas a ƙasa. Kowa a ɗakin ya san da zafi ya wuce digiri arba'in an fara kashe iri. Tamba ya dubi Sirajo cike da takaici.

"Kai ko satar ma ba ka iya ba. Da ita ka tambaya, wallahi da ta gaya maka."