Ƙarafa Huɗu a Gaban Motar Ciyawa

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na safe aka buga wa Sufeto waya, wai motar yankan ciyawa ta kashe mutum a wani otal. Ya ɗauka raini ne. Shekararsa ashirin da uku cikin kaki, ya ga wanda tirela ta taka, ya ga wanda babur ya yar, amma bai taɓa jin abin aske ciyawa ya yi kisa ba. Ya figi hularsa yana tsaki, Saje ya biyo shi.

Da suka isa sai tsakin ya maƙale masa. Bayan otal ɗin fili ne kore shar, ya gangara daga ɗakin taro har katanga. A tsakiyar gangarar motar take, irin wadda ake hawa a tuƙa, ta kife, tayoyinta huɗu na kallon sama. An riga an zaro direbanta, wanda kowa ke kira Dogo, an lulluɓe shi da zanen gado. Jakunkuna uku na tara ciyawa da ke ɗaure a bayanta sun fashe, ɗanyar ciyawa ta watsu ko'ina.

Manaja ya taro su ko gaisuwa babu.

"Kada ku wahalar da kanku, Sufeto. Ga wanda ya yi can." Ya nuna wani mai rigar aiki duk baƙin mai, zaune a ƙasa, masu gadi biyu tsaye a kansa. "Makanikenmu ne, ƙanin mamacin. Ku tafi da shi, ina da baƙi ƙarfe biyu."

"Kai ne ka ga ya yi?"

"Kowa ya ji faɗansu."

"Tambayarka na yi ko ka gani. In ba ka gani ba, matsa mini."

Manaja ya matsa yana hura hanci. Sufeto ya daɗe da tsanar irin waɗannan mutanen, masu son a kwashe musu gawa kamar yadda ake kwashe kwanukan abinci.

Bai ƙarasa wurin Makanike ba, matar Dogo ta kutso, mata biyu na riƙe ta.

"Ka huta!" ta ce da ƙanin mijinta. "Ka ce sai motar nan ta ci shi, ga shi ta ci shi. Allah ya isa tsakanina da kai! Ko Inna ta ce kada ta ƙara ganin ƙafarka a gidanta."

Makanike bai ɗago ba. Sufeto ya sa aka janye ta, ya tsuguna a gabansa.

"Ka faɗi haka?"

"Na faɗa, Yallaɓai."

"Don me?"

"A kan jakunkunan ne. Da za a saya na ce a ɗauki mai jaka biyu, ita ce daidai da filin da ke da tudu. Yaya ya ce sai mai uku, don ya rage zirga-zirgar zubar da ciyawa. Na ce masa in ukun nan suka cika da jiƙaƙƙiyar ciyawa, bayan motar zai rinjayi gabanta, ta ɗaga hanci a hawa. Ya ce min yaro. Muka zagi juna a gaban mutane."

"Sai ka lalata masa birki."

"Sai na ɗaura masa ƙarafan nauyi huɗu a gaba, kowanne kilo ashirin. Da hannuna na ɗaura. Na cika jakunkunan maƙil na hau tudun nan sau biyar kafin in ba shi makulli. Muddin ƙarafan nan na wurin, wallahi motar nan ba ta kifewa."

Sufeto ya waiga. Ƙarafan na nan a hancin motar, su huɗu, baƙaƙe, a jere.

"To ga su nan, kuma ta kife. Kana son in yarda da kai ko da idona?"

Makanike ya mai da idonsa ƙasa. Sufeto ya ji haushinsa, domin ya fi son mai laifi ya yi ta zuba.

Ya sa maza shida suka juyar da motar ta tsaya kan tayoyinta. Saje ya hau ya taka birki, aka tura, ko motsi ba ta yi ba. Sitiyari lafiya. Ƙasa kuwa ta nuna inda tayoyin baya suka kafe a hawa, babu alamar sulɓi. Motar ba gefe ta faɗi ba, hanci ta ɗaga ta koma da baya, ta danne mai ita.

"Wa ya fara ganinsa?" in ji Sufeto.

Aka kira Baba Mai Lambu. Dattijo ne siriri, almakashi rataye a ƙugunsa, shi ke shugabantar duk aikin filin tun otal ɗin na ɗaki goma. Ya zo idonsa ba a kan gawa ba, a kan takalman 'yan sanda yake.

"Ku bi ta kan dutse, don Allah. Ciyawar nan ba ta son takalmi mai ƙusa."

"Mutum ya mutu, Baba."

"Na sani, ni na same shi. Ƙarfe takwas da rabi na zagayo na gan shi, na yi ihu."

"Kafin nan kana ina?"

"Can gaban otal, ina gyaran furanni. Ban ji komai ba."

"Kuna shiri da Dogo?"

"Yaron kirki ne, sai dai hannunsa da nauyi. Yana juya motar nan kamar mai noma gona."

Sufeto ya rubuta, ya sallame shi. Yana juyawa ya ga Makanike ya miƙe tsaye duk da masu gadi, ya zuba wa hancin motar ido.

"Yallaɓai, rubutun."

"Wane rubutu?"

"Na jikin ƙarafan. Duba, a kife yake."

Sufeto ya sunkuya. Kowane ƙarfe na da lambar nauyinsa a jiki, kuma duka huɗun kansu na ƙasa. Ya kama noti ɗaya da yatsa biyu, ya juya, ya kwance salin-alin.

"Ni noti bibbiyu nake sawa, in ɗaure da sifana," in ji Makanike. "Wannan ba aikina ba ne."

Sufeto ya sake duban ƙarafan. Lokacin da motar ke kife, rubutun daidai yake ga mai tsaye a gabanta, shi ya sa babu wanda ya lura. Ashe wanda ya ɗaura su, bayan ta kife ya ɗaura su. Ya sa Saje ya sauke ɗaya. A bayansa akwai busasshiyar ƙasa, da 'yan ganyen ciyawa da suka koma rawaya suka manne.

"Wannan ya kwana biyu kwance a kan ciyawa," in ji Saje.

"To mu nemo inda ya kwanta."

Suka zaga filin kaf. Duk wanda ya taɓa ajiye bulo a kan ciyawa ya san tabon da yake bari, amma filin nan babu tabo ko na girman tafin hannu. Rana ta take, Manaja ya aiko sau biyu yana tambayar yaushe za su tafi, Sufeto ya ce a gaya masa in ya sake aikowa shi ma zai kwana a ofis.

A bayan sito, tsakanin bango da shingen furanni, Saje ya taka wani wuri ya ji ya lotsa. Ƙasar a jiƙe take, alhali kewayenta a bushe. Sufeto ya durƙusa ya sa yatsa. Ciyawar ta ɗago kamar faifai. Yanki huɗu ne, kowanne an yanko shi daga wani wurin an dasa, gefensa a miƙe kamar an sa ma'auni, an bi shi da ruwa. A cikin kwandon shara na kusa, ƙarƙashin ganyaye, ga tsofaffin yankunan huɗu, rawaya fatau, kowanne da shatin ƙarfe.

Sufeto ya sa aka kawo masa Baba Mai Lambu nan bayan siton, aka zo da Makanike da Manaja.

"Baba, wa ya yi dashen nan?"

"Ban sani ba."

"A otal ɗin nan wa ya iya yanka ciyawa haka?"

Dattijon ya dubi dashen. Sufeto ya ga yadda bakinsa ke motsi, ƙarya na ja, alfahari na ja.

"Aikin banza ne ma," in ji Sufeto, ya sa takalmi ya shure yanki ɗaya. "Ko'ina a karkace."

"Kai! Ɗauke ƙafarka! Ina karkacen yake?"

Baba Mai Lambu ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya dafa bango.

"Mutum na kwance an rufe shi da zane," in ji Sufeto, "kai kana nan kana dashe, a lungun da ko kare ba ya shiga. Da ka bar tabon, da sai in ce kowa ma zai iya ajiye ƙarfe a nan. Yaushe ka kwance su?"

"Kwana tara ke nan."

"Don me?"

"Tunda aka ɗaura su tayoyin gaba ke nutsewa. Duk inda ya juya sai ya bar min rami biyu. Shekara talatin ina renon filin nan! Na yi wa Manaja magana ya ce in bar shi da shirme. Na yi wa wannan magana," ya nuna Makanike da haɓa, "ya ce min rai ya fi ciyawa, kamar ni zai koya wa. Sai na kwance su. Kwana takwas yana yanka lafiya lau."

"Shi Dogon bai lura ba?"

"Ya lura. Na ce masa ƙaninsa ne ya cire zai yi musu fenti. Na san ba sa magana, ba zai tambaya ba."

Makanike ya yi wani irin nishi, Saje ya riƙe masa hannu.

"Yau me ya bambanta?"

"Na ba tudun ruwa da sassafe saboda baƙin Manaja. Ciyawar ta jiƙe, jakunkunan suka yi nauyi. Ban kawo komai a raina ba. Ina nan bayan sito na ji ƙarar."

"Ƙarfe nawa?"

"Takwas saura."

"Ka ce takwas da rabi ka yi ihu. Minti arba'in kana jidar ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, kana ɗorawa a kan motar da ke danne da mutum." Sufeto ya matso har suna jin numfashin juna. Bai taɓa jin ƙyamar tsoho irin ta yau ba. "Kilo tamanin ka ƙara masa. Tambaya ɗaya ta rage, kuma likita zai gaya mini ko ka ƙi. Yana da rai?"

Dattijon ya runtse ido.

"Da na ɗora ƙarfe na farko da na biyu, yana magana."

"Me ya ce?"

"Ya ce, Baba, kira min ƙanena, shi ya san yadda ake ɗaga ta."

Makanike ya zube a gindin bango ya fashe da kuka irin na babban mutum, mai ban tsoro. Manaja ya buɗe baki zai yi magana, Sufeto ya dube shi sau ɗaya, ya rufe.

Saje ya kwance almakashin daga ƙugun dattijon, ya sa masa ankwa, suka nufi mota. Sufeto ya tsaya a kan Makanike har kukan ya lafa.

"Tashi," ya ce. "Ba inda za a kai ka. Mu je gidan mahaifiyarku, ni zan faɗa mata da bakina."

Makanike ya share fuska da hannun riga, ya bar baƙin mai a kumatunsa.

"Minti biyu ne daga nan zuwa garejina, Yallaɓai," ya ce. "Ina ciki tun ƙarfe bakwai."