Fomalin A Kwalbar Sifirit

Ranar da ya fara aiki a ɗakin gwaje-gwajen, ya same ta sunkuye tana yanka tsutsar ciki gida uku da reza.

"Me ta yi miki haka?" ya tambaya.

"Kai da wutsiya na madubin duba ƙananan halittu ne, a ga kamanninta. Tsakiya sai cikin sifirit, a ciro ƙwayar halittarta." Da ta ɗago ido, sai bawan Allah ya manta abin da ya kawo shi.

Ya raɗa mata 'Yar Kwalba, ita kuma tana ce masa Mai Madubi. Shekara biyu ta yi tana tara tsutsotsi daga hanjin dabbobi, kwalba tamanin, kuma digirinta kaf a kansu ya rataya.

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarsa ce ta fara tsalle ta dire. "Hannun da ke wasa da tsutsa ne zai dafa maka abinci? Ba da ni ba!"

Ga kuma Oga, shugaban ɗakin, wanda ko gilashi bai iya wankewa ba, sai sa suna a aikin mutane. Ya daɗe yana nemanta tana ƙi.

Wata Litinin ta buɗe kwalba, wari ya soke mata ido. Fomalin! Ruwan da ke sandarar da tsutsa ya lalata ƙwayar halitta. Duka tamanin ɗin an juye musu.

"Na ga saurayin naki yana canja ruwan," in ji Oga, yana wani tausaya mata.

Nan take ta tura wa Mai Madubi saƙo: "Ka kashe min shekara biyu. Kada ka ƙara kirana. Allah ya isa."

Amsa ta zo: "'Yar Kwalbata, wallahi ban taɓa ba. Ki zage ni son ranki, amma ki bar min tsakiyar tsutsotsin in gwada."

Ta bar masa su. Ranar Laraba Oga ya miƙo mata takarda, ta ga yatsunsa sun tsage suna saɓa. Ta san wannan saɓar, sai wanda ya taɓa fomalin ba safar hannu. Ta haɗiye, ta yi masa murmushi, zuciyarta na tafasa.

Bayan sati uku manyan jami'a suka zo duba aiki. Oga ya kaɗa mata yatsa. "Ke, shirya mana tsutsa guda a madubi."

Ta harɗe hannu. "Ranka ya daɗe, ai kai ne gwani. Nuna musu."

Kai, abin ba kyan gani! Ya danna gilashi ya murƙushe tsutsar, ya nuna wutsiya ya ce kai ne, gumi na zuba. Wata dattijuwar farfesa ta kalle shi ta ce, "Me ya sami hannunka?"

"Fomalin ne, Farfesa," 'Yar Kwalba ta amsa a sanyaye. "Kwalba tamanin ya juye, ya ɗora wa wani."

A satin aka sallame shi. Ta taga ta tsaya tana kallonsa yana fita da kwalin kayansa. Ba ta ji tausayinsa ba, ni ma ban ji ba.

Mai Madubi ya ajiye takarda a gabanta. Sati ukun nan wanke tsutsotsin yake yi, ruwa bayan ruwa, har sittin da ɗaya suka ba da sakamako. Digiri ya tsira.

"Ka yafe min," ta ce, hawaye na zuba.

"Sai in za ki aure ni."

Mahaifiyarsa, da ta ga yadda ɗanta ya rame ya ƙi abinci, ta ce, "Je ka kawo ta, na haƙura."

Katin gayyata na farko ita ta kai wa Oga har ƙofar gida, ta tsaya sai da ya karanta sunan ango a gabanta.

An ɗaura aure cikin farin ciki, iyaye suka sa albarka. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a tagari. Shi kuwa wancan, Allah ya ba shi tsawon rai ya gani da idonsa.