Abin da Auta Ta Faɗa Mini

"Ba ni na'urar nan!"

Ko sallama bai yi ba. Ya banko ƙofar ofishina har takardun da na jera a kan tebur suka watse. Mutumin da saura mako uku a ɗaura mana aure ke nan, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba.

"Masoyi, zauna mana..."

"Ba zama ya kawo ni ba. An ce Autarmu ta yi awa guda tana kuka a gabanki, kina naɗar muryarta. Gaskiya ne?"



Shekara biyu ina bincike a kan damuwar da ke cin 'yan sakandare, da shi nake neman digirina na uku. Kowane yaro kafin ya buɗe baki sai na yi masa alkawari cewa maganarsa ba za ta fita da sunansa ba, sai dai in ransa na cikin haɗari. Mu biyu ne kawai ke sauraron hirarrakin, ni da abokiyar aikina, wadda ta riga ni saninsa, ta kuma riga ni sonsa. Ban sha wahalar gane bakin da ya kai labari ba.

"Hajiyarku ce ta sa hannu a takardar izini," na ce.

"Hajiya ba ta karanta ba! Me yarinyar ta ce?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ni? Ni da nake riƙe da ita tun rasuwar Baba?"

Ai nan gizo yake saƙa. A hirarmu Auta ta ce da ta ji ƙarar motar Yayan nata sai tsoro ya kama ta. Yakan ɗauko sakamakon jarrabawarsa na da, ya ajiye kusa da nata, ya ce ba a taɓa haifar daƙiƙi a gidansu ba sai ita. Ta daina barci, ta daina cin abinci. Sannan ta riƙe hannuna.

"Anti, don Allah kar ya sani. Ya sha wahala a kanmu, in ya ji zai tsani kansa... ko ya tsane ni."

Na haɗa ta da mai ba ɗalibai shawara, na kulle bakina.

"Rabin raina," na ce masa ina kuka, "ka koma gida ka zauna da ita. Kar ka tambayi maki. Ka saurare ta kawai."

"Ke za ki koya mini ƙanwata? Ki ajiye karatunki a aji, Malama!"

Ya miƙo hannu.

"Na'urar, ko ni."

Wallahi ina sonsa. Har yau in na tuna yadda yake jirana a ƙofar ɗakin karatu yana tsokanata da Dakta tun ban zama ba, sai kewarsa ta kama ni. Amma alkawari kaya ne, kuma yarinya 'yar shekara sha biyar ce ta ɗora mini. Na jefa na'urar cikin durowa na murɗa makulli.

Washegari Hajiyarsu ta kira Mamata.

"Yarinyar da ta iya ɓoye wa miji maganar gidansu tun ba ta shigo ba, in ta shigo fa? Mun fasa."

Mama ta tasa ni gaba.

"Wane irin boko ne wannan? Takardar ce za ta aure ki? Ki faɗa masa mana, ba ɗan'uwanta ba ne?"

Ban faɗa masa ba. Wata biyar bayan nan ya auri abokiyar aikina. Ofishinmu ɗaya har gobe, kullum tana gaishe ni da fara'a, ni kuma ina amsawa don ba ni da yadda zan yi.

Ranar da na kare bincikena Farfesan da ya duba aikin ya miƙe tsaye ya yaba mini, ya ce aikin zai ceci yara da yawa. Aka yi tafi. Na dawo ofis ban ji daɗin komai ba, sai ga Auta a bakin ƙofa cikin kayan makaranta. Ta ɗan yi kumari, idonta ya washe.

"Anti, yanzu ina barci," ta ce. "Jiya ma na ce wa Yaya ya daina gwada ni da kansa. Bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi."

Na rungume ta.

Ta ɗago kai tana dubana.

"Amma Anti... me ya raba ki da shi? Kowa a gida ya ƙi gaya mini. Ba dai ni ba ce ko?"

Na san yarinyar nan. In na ce e, barcin da ta samu da ƙyar ya tafi ke nan.

Na share mata hawaye, na haɗiye nawa.

"Haba Auta, ina ruwanki a ciki? Ni ce na daina sonsa."