Tsakuwa a Ƙodar Auta

A ganin Kawu, tun da aka kafa duniya ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamarsa ba. Yana kan kujerar aski, an gyara masa rabin gashin baki, sai ƙanwarsa ta bugo waya. Wai 'yarta Auta na murƙususu da ciwon kwiɓi, ya kawo mota. Haka kyakkyawan mutum ya shiga asibiti, rabin fuska ango, rabi bushiya.

Likita ta duba hoton ciki ta ce, "Tsakuwa ce a ƙoda. Ƙarama ce, da magani da ruwa za ta fita."

Auta ta zaro ido, har ta manta da ciwo. "Ni ban haɗiyi dutse ba. Ta ina ta shiga?"

"Ba shiga take yi ba, 'yata, a ciki take haɗuwa. Da ruwa ƙoda ke wanke dattin jiki. In ruwa ya yi kaɗan, gishiri ya yi yawa, sai dattin ya dunƙule. In wani a dangi ya taɓa yi, sai a ƙara kula. Kina shan ruwa kuwa?"

"Kullum da gora cike take zuwa makaranta, ta dawo da ita wayam," in ji Mama.

Auta ta sunkuyar da kai. "Fulawar bakin ajinmu nake ba."

"Saboda me?" in ji likita.

"Kada fitsari ya kama ni a mota in Kawu ya ɗauko ni daga makaranta. Kawu ya ce babban mutum ba ya tsaye-tsaye a hanya. Kuma in na yi shiru ban yi tambaya ba, yana saya mini dankalin leda mai gishiri da lemon kwalba."

Kawu ya duƙufa nazarin silin.

"Yaya," in ji Mama, "ɗago ka dube ni. Au, sauko da kai ka dube ni."

Bayan kwana uku tsakuwar ta fita. Ko ƙwayar shinkafa ba ta kai ba. Auta ta daɗe tana kallonta.

"Daga yau zan shanye ruwana, in rage gishiri da lemo, in daina riƙe fitsari. Ba zan ƙara ɓoye wa Mama komai ba."

Kawu ya gyara zaman hula. "Yarinya ce mai tambaya ɗari kafin a kai kwanar titi... To, shi ke nan. Ni na gina tsakuwar nan da hannuna. Gobe ki sha, ki tambaya, zan tsaya."