Gidan da Aka Duba Ranar Lahadi

Tunda Mama ta saya wa autarta kujerun aure, ba a taɓa zama a kansu duka ba. Ɗakin haya ne ƙwaya ɗaya a saman bene a babban birni, don haka biyu ne a ƙasa, sauran an ɗora su kan juna har suna taɓa silin. Keken ɗinkin Auta kuwa yana lungu an lulluɓe shi da zani, domin mai gidan da ke zaune a ƙasansu ya ce ƙararsa tana hawar masa kai.

Mijinta Dogo, mai gyaran injin buga takardu, ya shigo da sallama yana karkace kafaɗa don kada ya ture kujeru.

"Madam, an sake ƙara kuɗin haya."

"Kuma?! Wallahi Injiniya, mutumin nan so yake mu riƙa kwana a tsaye!" Ta dafa cikinta da ya fara turowa. "Ga baƙo yana tafe. A ina za mu ajiye shi? Saman kujera?"

Dogo ya zauna bakin gado. "Akwai garin nan na masana'antu da jirgin ƙasa ke bi. Abokan aikina da yawa can suke kwana, su shigo da safe su koma da yamma. Abin da muke biya a wannan akurkin, can gida guda ne har da tsakar gida. Ko an haɗa da tikitin jirgi, da saura."

Da Mama ta ji labari sai ta tafa hannu.

"Garin hayaƙi? Auta, ni na haife ki, ko zazzaɓi kika yi a cinyata kike kwana. Yanzu da ciki za a kwashe ki a kai inda ba ki da kowa? Mutum ya fita da asuba ya bar ki da bango?"

"Mama, filis, ki bari mu je mu gani dai."

Ranar Lahadi ce kaɗai hutun Dogo, don haka ranar suka je. Dillali ya buɗe musu gida: falo mai faɗi, ɗakuna biyu, famfo yana zuba, ga igiyar shanya a tsakar gida. Unguwar tsit, sai kukan tsuntsaye. Auta ta auna falon da tafin ƙafa tana dariya. A bayan gidan akwai wata doguwar katanga, amma babu wanda ya tambayi abin da ke cikinta, shi kuma dillali bai ce komai ba. Suka biya, suka tare ranar Lahadin da ta biyo, suka wuni suna jera kaya suna hamdala.

Litinin, Dogo ya kama jirgin farko. Auta ta wanke fararen kayan jarirai da Mama ta aiko, ta shanya. Tana komawa ɗaki sai jiniya ta tsage sama — wiiii! — har kofi ya faɗo mata daga hannu. Daga nan injuna suka tashi bayan katanga, dim, dim, dim, gilashin taga yana rawa. Ashe kamfanin narka ƙarfe ne, Lahadi kaɗai yake hutu! Kafin azahar fararen kayan nan sun koma kamar an barbaɗa musu gawayi.

A haka Mama ta same ta, tare da Yaya, wan Auta, wanda ya tuƙo ta a motarsa. Mama ta ɗaga wata 'yar riga da yatsa biyu.

"Wannan ne gidan da kike yi mini waya kina cewa kamar aljanna? Tashi ki haɗa kayanki! Kina wurina har sai ya nemo gidan mutane."

Yaya ya toshe kunne yana dariya. "Gaskiya sirikinmu ya iya zaɓe. Gida har da makaɗa kyauta!"

Hawaye ya zubo wa Auta. Ga uwa, ga miji, kuma kowanne yana da hakki a kanta. Ta durƙusa.

"Mama, ki yi mini rai. Ba zan iya fita ba ya nan ba."

Mama ta zauna jira, fuska a ɗaure, har jirgin yamma ya iso. Dogo ya shigo, ya ji dukan injin, ya ga kayan shanya. Ya tsuguna nesa, kai a sunkuye.

"Mama, kuskurena ne. Ban bincika ba."

"A'a," in ji Auta. "Mu biyu muka zo, mu biyu muka ji tsuntsaye. Ni ce ma na ce ya biya kafin wani ya riga mu. In akwai laifi, rabinsa nawa ne. Mama, ki sa mana albarka, ki bar ni a ɗakina."

Mama ta miƙe ta gyara mayafi. "To, kin zaɓa." Ta fita. Daga ranar, ko Auta ta kira, gaisuwa kawai take amsawa ta kashe.

Kwanakin farko sun yi wa Auta nauyi. Ta yi kuka, ta yi addu'a, ta koyi yin wanki ranar Lahadi da rufe tagar baya. Wata safiya kaɗaici ya ishe ta, ta yaye zanin da ke kan kekenta, ta taka a hankali kamar mai sata. Ta saurara. Babu wanda ya buga mata ƙofa. Ta ƙara takawa da ƙarfi — wa zai ji keke a cikin wannan rugugi? Ta fashe da dariya ita kaɗai.

Ta jawo keken bakin tagar gaba. Lokacin canjin ma'aikata, hanya ta cika da masu shuɗin kaya, wata mata mai shara a kamfanin ta leƙo.

"Amarya, kina faci? Aljihun maigidana ya yage, tela kuma sai cikin kasuwa."

Washegari mutum uku suka zo, daga baya ta daina ƙirgawa. Ashe ƙarfe cin tufafi yake yi: gwiwa, hannu, zif. Jiniyar da ta firgita ta ta zama agogon buɗe shagonta. Matan ma'aikata suka saba da gidan, su suka nuna mata asibiti da inda ake sayen kayan miya da araha, su ne kuma suka raka ta ranar da naƙuda ta tashi Dogo yana cikin jirgi.

Jin an haifi jika mace, fushin Mama ya kasa tsayawa. Ta zo da niyyar kwana biyu. Tana shiga falo ta tsaya cak: ga kujerunta duka a ƙasa, a jere, mata zaune a kansu suna hira. Ta shafa ɗaya, ta zauna.

Ranar Lahadi jaririya ta ƙi barci, ta yi ta tsala kuka.

"Me ke damun 'yar tawa?" Dogo ya tambaya.

"Shirun ne ba ta so, Injiniya," in ji Auta. "Tun tana ciki da kiɗan take barci."

Mama ta yi dariya har da share ƙwalla. Kwana biyu suka zama mako uku. Ta je kasuwa ta dawo tana salati, wai kuɗin da ke saya mata rabin kwando a birni, nan kwando ne cike. Da yamma ta kira Dogo, abin da ba ta saba ba.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, ka riƙe mini ita. Ni ma mai gidan da nake haya ya ƙara kuɗi. In da wani ɗan gida nan kusa, a duba mini."

"In sha Allahu, Mama! Lahadi mai zuwa sai mu —"

"Kul!" Mama ta ɗaga yatsa. "Ranar Litinin za ku kai ni."

'Yan matana, ku duba ku gani. Auta ba ta ɗaga wa mahaifiyarta murya ba, ba ta kuma bar mijinta ya ɗauki kuskure shi kaɗai ba. Ta yi haƙuri, sai Allah ya sa abincinta a cikin abin da ya sa ta kuka. Shi ne abin godiya. Amma in za ku kama gida, ku je ranar aiki.